Kwandon Wayoyin Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, Kawu dai ya riga mu isa. An sallace shi a Gwandu bayan azahar, kafin la'asar zaure ya cika har aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni ina ciki tare da mata, amma katangar gidan Kawu ba ta riƙe magana, duk abin da aka faɗa a zaure muna ji. Wani ya ce mutumin kirki ne. Wani ya ce bai taɓa ganin ya yi faɗa da kowa ba, wannan kam ƙarya ce, Allah Ya yafe wa mai ita, don da wuya a samu wanda ke zaune a zauren nan da Kawu bai taɓa ɗaga wa murya ba. Sai wani tsohon abokin aikinsa na sakatariya ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Shi ya fara kawo mana kwamfuta ofis, shi kuma ya hana ta ci gaba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta zaman makoki. Ni dai ban yi ba, raina ne ya ɓaci.

Can sai ga amininsa na ƙauyen Ceberu, wani dattijo manomi da suka yi karatun allo tare. Bai shiga zaure ba. Ya zauna a dokin ƙofa da ƙurar hanya a ƙafarsa, sannan ya ce, "To yanzu wa zai riƙa tambayata wayata?" Mutane suka kalli juna, suna zaton raɗaɗin rashi ne ya ruɗa shi. Mu 'yan gida mun san abin da yake nufi.

A ɗakin da muke akwai Inna, yayar su Kawu da mahaifiyata, wadda ke aure a Dalijan. Kunnenta ya yi nauyi shekaru da yawa, sai ka kai bakinka kusa ka ɗaga murya kafin ta ji. Masu gaisuwa suna ta shigowa, tana amsawa da kai, tsohuwar wayarta na kan cinyarta ta dafe ta da hannu biyu. Ba kira take jira ba, don ko an kira ba za ta ji ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar nan ta zaure. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an fara juya labarinsa, wai tsoho ne mai tsoron sabon abu. Wallahi ba zan yi shiru a bar shi da wannan suna ba.

Bayan Kawu ya yi ritaya, shi ya gina wa danginmu da mutanen unguwarmu shafi a intanet. Ba wani abin a zo a gani ba ne: an haihu a gidan wane, wance ta rasu, ɗaurin aure ranar kaza, za a raba taki a wuri kaza, likitan dabbobi zai zo ranar kasuwa. Ni malamar makaranta ce a Kalgo, aikina a shafin shi ne rubuta sanarwa, shi kuma yana riƙe da ginin da adon. Za ku ce ai akwai manhajar hira da kowa ke amfani da ita. Akwai, amma ta daɗe da daina aiki a wayoyi irin na Inna. Shafin Kawu kaɗai ke buɗewa a hannunta, ta nan take sanin wanda ya haihu da wanda ya mutu ba tare da ta jira wani ya zo ya yi mata ihu a kunne ba.

A ɗakinsa, gefen kwamfutar, akwai wani kwandon kaba cike da tsofaffin wayoyi. Wata allonta ya tsage, wata an ɗaure bayanta da roba, wata sai an danne ta da littafi kafin ta ɗauki caji. Matarsa ta sha cewa a ba masu gwangwan su tafi da su, shi kuma sai ya ce, "Ki taɓa min alƙalai ki gani." Haka yake kiransu, alƙalai. Kowace waya a kwandon tana tsaye ne a madadin wani mutum mai rai da ke riƙe da irinta. Wannan irin ta Adda ce, haka yake kiran Inna. Wannan irin ta mutumin Ceberu. Wannan irin ta matan gidan liman.

Ta yaya ya san wayar kowa? Ai nan ne abin kunyar tamu. Kawu ba ya zuwa suna ko ɗaurin aure ya dawo bai bi mutane yana cewa "mu ga wayarka" ba. Ana rabon goro, shi yana can gefe ya karɓi wayar wani tsoho, ya sauke tabarau, yana duba burauzar da ke ciki, wato manhajar da waya ke buɗe shafi da ita. Na taɓa ja masa hannun riga a wani biki na ce, "Haba Kawu, a gidan surukai muke fa." Ya ce, "To surukai ba su karanta sanarwa?" Ya ci gaba da abinsa.

Wata rana da hantsi na iske shi ya jera wayoyin a kan tabarma, yana buɗe shafin a kowace ɗaya. Na ce mene ne amfanin wannan wahala. Ya ce, "Zauna, ɗiyata. Shafi kashi biyu ne, akwai magana, akwai ado. Masu ƙera adon nan ba su hutawa, kullum da sabon salon da za su fito da shi, na launi, na jera hotuna, na yadda rubutu zai kwanta. Sabuwar burauza ta san shi. Tsohuwa ba ta taɓa jin labarinsa ba, kuma in ta iske abin da ba ta sani ba, ba ta gardama, tsallake shi take yi ta wuce. To ni tambayata guda ce: in ta tsallake, mi ya rage? In magana ta rage, bisimilla, a sa ado. In maganar ta tafi tare da adon, ba da ni ba."

Yana da wata dabara kuma. In yana son sabon launi, sai ya fara rubuta tsohon a sama, ya sa sabon a ƙasansa. Tsohuwar waya ta ɗauki wanda ta sani, sabuwa ta ɗauki na zamani, kowa ya tashi da rabonsa. Layi ɗaya ne ƙari, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu cewa yana tsoron sabon abu ba su taɓa ganinsa ranar sallamar waya ba. In ya tabbatar babu sauran mai riƙe da irin wata waya a cikin mutanenmu, sai ya ɗauko ta daga kwando, ya share ta da gefen rigarsa, ya ce, "Hajiya, kin yi aiki, sai ki huta." Ya jefa ta a aljihun tebur. Ran nan ba a samun kansa. Duk wani sabon salo da ya daɗe yana kallo yana haɗiyar miyau saboda wannan waya ta hana, a ranar yake sa shi. Ya kira ni har Kalgo ina tsakiyar aji, "Duba shafi! Kin ga yadda hotunan suka jeru? Kai, mutanen nan sun iya!" Murna yake kamar wanda aka yi wa ɗinkin Salla. Ya fi ɗansa na Abuja son sababbin abubuwan nan, ya dai iya jira ne.

Ba zan ce ba ya wuce gona da iri ba, don ni ba maroƙiya ba ce. Akwai wani salo da ya hana shi shiga shafin har damina ta zagayo, saboda wayar wani ɗan'uwanmu mai kiwo. Da aka bincika, ashe bawan Allah ya daɗe da daina sa mata data, tocila kawai yake yi da ita. Na yi dariya har da hawaye. Kawu ya haɗe rai ya ce, "In kuma wata rana ya so dubawa fa?" Har ya koma ga Allah bai yarda ya yi kuskure a wannan ba. Taurin kai kam ya gada, mu ma mun gada a wurinsa.

Faɗan da ba zan manta ba shi ne nasa da babban ɗansa, taubashina, wanda ke aikin gina shafuka a Abuja. Yaron ya iya aikinsa, ban hana shi ba. Ya zo hutun Salla, ana cin nama a tsakar gida, ya juya wa Kawu allon kwamfutarsa. Wani jadawali ne da masu sana'ar ke dubawa, wanda ke nuna ko sabon salo ya isa a yi aiki da shi. Ya ce, "Baba, duba nan. Kore ne ko'ina. Kusan duk burauzar duniya ta karɓe shi."

Kawu ya ce, "Duniyar wa? Wa ya zo Dalijan ya ƙirga?"

"Baba, waɗanda suka rage 'yan kaɗan ne. Ba a tsayar da aiki don 'yan kaɗan."

Kawu ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. "'Yan kaɗan ɗin nan na san su da suna. Ɗaya daga ciki ita ta goya ni."

Taubashi ya ce ai wayoyin nan sun kusa mutuwa, a bar su su mutu. Nan fa Kawu ya tashi tsaye. Ya ce, "Kai ka daɗe ba ka gida. A Gwandu waya ba ta mutuwa, gangarawa take yi. Ka gaji da ita ka ba uwarka, uwarka ta ba Adda, Adda ta ba wani na can ciki. Kai kana ƙirga wayar da ke kanti, ni ina ƙirga wadda ke hannu." Har hutun ya ƙare gaisuwa kawai ke haɗa su. Da zai koma, Kawu ya cika masa bayan mota da albasa da shinkafa.

To ga abin da ya faru bayan rasuwar, kuma shi ne ke cin raina har yau. Tun ana zaman makoki taubashi ya karɓi shafin. Ya ce zai karrama mahaifinsa, zai mai da shafin yadda ya dace da shi. Ban ce da mugun nufi ya yi ba, na ga idonsa, kuka ya sha. Ya zauna ya sake komai, ya sa hoton Kawu babba a sama, ya sa wani kore mai zurfi a baya da farin rubutu a kai. A wayata abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. 'Yan birni suna ta yabo. Kwandon kuwa ya tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, ko waya ɗaya bai kunna ba.

Washegari Inna ta yafito ni da hannu, ta miƙo min wayarta. Fari fat. Babu hoto, babu rubutu, kamar takardar da ba a taɓa ba. Ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "An ce an sa hoton ƙanena. Ina yake?"

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne, Kawu ya riga ya koya min shi a kan tabarma. Koren nan da sabon salo aka rubuta shi, wayar Inna ba ta san shi ba, ta tsallake. Farin rubutun kuwa ta san shi, ta ɗauka. Sai ya zama fari a kan fari. Hoton ma irin na zamani ne da ba ta iya buɗewa.

Na sami taubashi a zaure na kira shi gefe. Na ce, "Kai Alhajin Abuja, ka makantar da shafin ubanka. Inna ba ta ganin komai."

Ya ce, "Malama, ke dai ki tsaya a kan allo da alli. Wayar ce ta tsufa."

"Layi ɗaya ne fa! Ka sa tsohon launi a sama kamar yadda yake yi."

"In na fara bin kowace gawar waya ba zan gama ba. Bari ki ga yadda ake maganin abu daga tushe."

Ya shiga mota ya tafi Birnin Kebbi, ya dawo da sabuwar waya a kwali ya ba Inna. Kowa ya sa masa albarka. Inna ta ga hoton ƙanenta, ta shafa allon, ta yi kuka. Taubashi ya dube ni ya ɗaga gira, wai ya ci ni. Na ce masa, "Inna kaɗai ce mai tsohuwar waya a ƙasar Gwandu?" Ya ce sauran ma lokaci zai yi maganinsu. Mabuɗin adon shafin yana hannunsa, ni sanarwa kawai nake iya sawa, don haka dole na haƙura.

Da addu'ar arba'in ta matso, aikin taubashi ya kira shi, sai aka dawo da ita baya zuwa Asabar ɗin da yake gida. Ni na rubuta sanarwar canjin da hannuna. Na bi waɗanda nake da lambarsu na kira, ta mutumin Ceberu ba ta shiga. Na ce wa taubashi a tura mai babur. Ya ce, "Yana shafi, kowa ya gani, kada ki mai da mu zamanin da." Ranar addu'a motoci suka cika layi, aka ci aka sha. Amma tabarmar da mutanen ƙauye ke zama rabinta babu kowa, wasu har suna gulmar cewa mutanen karkara ba su da zumunci. Wai mutanen karkara ne ba su da zumunci! Mutanen da in Kawu ya yi mura sai sun zo da fura.

Ranar da arba'in ta cika ta ainihi ina gidan, ina taya matar Kawu kwashe kaya. An daɗe da naɗe rumfa, taubashi ya koma Abuja. Da hantsi aka yi sallama. Na leƙa, sai ga mutumin Ceberu, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da ƙullin sabuwar shinkafa a bayan keke wadda ya kawo don sadaka. Ya tsaya yana kallon ƙofar gida, babu tabarma, babu kowa sai awaki.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ai an yi. An dawo da ita baya. Na yi ta kiranka ba ta shiga."

Ya ce wayarsa ta faɗa rijiya a fadama, har da layin. Da ya biya Dalijan yi wa Inna gaisuwa ta ga ba shi da waya, sai ta ce ga tata tsohuwar, ita an saya mata sabuwa. Ya zaro ta daga aljihu. Na gane ta tun kafin ta fito gaba ɗaya, ga tsagar da na sani a kusurwarta. Ashe ta gangara, kamar yadda Kawu ya faɗa.

Ya buɗe shafin ya nuna min farin allo. Ya ce, "Kullum da safe sai na duba, ɗiyata. Na ɗauka tun da ya tafi babu mai rubutu."

Na karɓi wayar na danna yatsana a tsakiyar farin na riƙe, sai shuɗin nan na zaɓen rubutu ya fito, kalmomi suka bayyana a ƙarƙashinsa. Sanarwata ce, da ranar, da lokacin. Tana nan tun farko, a cikin aljihunsa.

Na ɗauki hoton allon da tawa wayar, da hoton dattijon tsaye da kekensa a ƙofar da babu kowa, na tura wa taubashi. Sannan na kira shi. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta a nan ba, an ce tsakanin taubasai babu riƙo, ran nan na ci wannan gata har ƙarshensa. Na ji yana danna kwamfuta. Kafin matar Kawu ta kawo wa baƙo ruwa ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ki ce ya sake buɗewa."

Layi ɗaya, jama'a, sai hoton da ya mayar irin na da. Abin da aka hana mu ke nan tun ranar makoki.

Dattijon ya zauna a dokin ƙofa, inda ya zauna ranar rasuwa. Ya sake buɗewa. Kore ya cika allon, farin rubutu ya fito a kai, can kuma hoton ya sauko a hankali, daga hula zuwa tabarau. Ya daɗe yana kallon amininsa. Sannan ya sa yatsa ya fara karanta sanarwar a fili, kalma bayan kalma, yadda masu karatun yaƙi da jahilci ke yi. Ya karanta ranar da ta riga ta wuce. Ya kai wurin da na rubuta ana gayyatar 'yan'uwa da abokan arziki, sai ya tsaya.

Ya ce, "Abokan arziki. To, Malam, ga ni na zo."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa shi kaɗai, ni da matar Kawu muna amsawa daga bayan ƙofa. Da zai tafi ya sauke shinkafar ya ce a dafa a ba yara.

Kwandon yana ɗakina a Kalgo yanzu, na jawo shi daga ƙarƙashin gadon na kakkaɓe. Taubashi ya ce duk sanda zai taɓa shafin zai fara turo min in gwada, za mu gani. Ni kuma a sunan da aka yi makon jiya, ana rabon goro, na ji bakina yana ce wa wata tsohuwa, "Mu ga wayarki."

Allah Ka yi wa Kawu rahama, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa shi. Ya ƙi a bar kowa a baya, ya Allah kada Ka bar shi a baya ranar da ake shiga. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.